Shimfiɗa intalok a tsakar gida a Minesota: a yi a kaka ko a jira ƙanƙara ta narke?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Na sayi gida a Brooklyn Park a watan Yuli. Filin da ke baya duk ciyawa ce, sai wani ɗan tsohon intalok a bakin ƙofar kicin da ya lotsa. Ina so in shimfiɗa sabo mai ƙafa 12 da 14, in yi murhun jin ɗumi da gashi. Ga shi Satumba ta kusa ƙarewa. Wani ya ce in bari sai Mayu, wani ya ce in zuba kankare in huta. Na taɓa tsayawa a kan aikin intalok na gidan mahaifinmu a Kaduna, don haka ina ganin zan iya da kaina.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sanya alheri, Ya sa gidan zaman lafiya ne. Intalok ɗin za ka iya yi a bana, muddin za ka gama kafin 20 ga Oktoba ko kusa da haka. Kankare kuwa ka cire shi daga lissafin wannan shekara. Ni a wurina ma kaka ta fi Mayu daɗin wannan aiki: ƙasa ta bushe, rana ba ta dukan mutum, ga wuraren hayar injina sun rage cunkoso. A Mayu ƙasar nan jagab take da ruwan ƙanƙarar da ta narke, ka sa shebur ka ɗago taɓo.

Amma abin da ka gani a Kaduna shi nake jin tsoro ya yaudare ka. A can an zuba jar ƙasa, an yayyafa ruwa, an daddaɓe, an baza yashi, an jera. In an yi gangare mai kyau shi ke nan, domin abokin gabar daɓe a can ruwan damina ne da ke gudu a sama. A nan abokin gabar a ƙarƙashi yake, kuma ba ya fitowa sai Janairu. Sanyi yana ratsa ƙasa ya daskarar da ita zuwa zurfin da dokar gini ta jihar ta ƙiyasta da inci 42 a wannan yanki namu, inci 60 a arewacin jihar. Kowa ya san ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai dai ba wannan kaɗai ke ɗaga daɓe ba. Abin da ke faruwa shi ne, in sanyi ya iso wani zurfi a cikin ƙasa mai laushin ƙwaya, sai wani faifan ƙanƙara ya fara haɗuwa a wurin, yana zuƙo ruwa daga ƙasan da bai daskare ba kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir. Yana sha yana kauri, yana ture duk abin da ke samansa. In Afrilu ta zo ya narke, sai ya bar rami da laka mai ruwa, daɓen ya sauka, amma ba ya komawa daidai inda ya taso. Shekara uku a haka, ga intalok ya zama kamar titin da tirela ta lalata.

Abu uku ne sai sun haɗu wannan ɓarna ke yiwuwa: sanyi, ruwa, da ƙasa mai riƙe ruwa. Sanyi ba ka da iko a kansa. Ba kuma za ka haƙa inci 42 don wurin shan shayi ba, wannan na tushen gini ne da ginshiƙan baranda. Saura biyun su ne aikinka, wato ka kwashe ƙasar da ke riƙe ruwa ka maye ta da wadda ba ta riƙewa, sannan ka nuna wa ruwa hanyar fita. Shi ya sa ma intalok ya dace da ƙasar nan: ba a manne yake ba, in ƙasa ta ɗan numfasa ya bi ta, ba ya tsagewa.

Ka fara da sanin ƙasar gidanka. Wajajenku na arewa da Miniyapolis, daga Brooklyn Park zuwa Anoka da Coon Rapids da Blaine, rairayi ya yi yawa, har a da gonakin dankali ne a unguwarku. In ka yi yamma da kudu kuma sai laka. Amma kada ka dogara da wannan, domin masu gina rukunin gidaje kan kawo ƙasar ciko daga ko'ina. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka ɗebo ta ƙasan, ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. In ta wargaje, ka yi sa'a. In ta yi igiya tana mannewa kamar ƙasar tukwane, to ka ƙara kaurin tsakuwa, kuma ka shimfiɗa baƙin ƙyallen nan da ake sa wa tsakanin laka da tsakuwa don kada su cakuɗe.

Kafin ma wannan ramin, ka kira 811, lambar da ake kira kafin a yi haƙa don a nuna maka wayoyi da bututun da ke binne. A jihar nan Gopher State One Call ne ke karɓa, kyauta ne, doka ce kuma, ko da kai ne mai gidan. Ka ba su aƙalla kwana biyu na aiki. Za su sanar da kamfanonin da ke da wayoyin da bututun, su kuma su zo su fesa fenti su kafa 'yan tutoci: ja wayar lantarki, rawaya bututun gas, ruwan lemo wayar intanet da tarho, shuɗi ruwan sha, kore magudanar ƙazanta. Abin da ba za su nuna maka ba shi ne abin da tsohon mai gidan ya binne da kansa, kamar wayar da ta tafi gareji ko bututun ban ruwan ciyawa. Waɗannan sai ka bi a hankali da shebur.

Yanzu lissafi, don ka san abin da kake shirin ɗauka. Bulon intalok na tafiyar ƙafa kaurinsa santimita 6 ne, wato inci biyu da ɗan ɗoriya. Ƙarƙashinsa yashi inci ɗaya. Ƙarƙashin yashin tsakuwa mai haɗe da gari, wadda masu sayarwa a nan ke kira Class 5, inci 6 in rairayi ne, inci 8 zuwa 10 in laka ce. Tsakuwar kuma dole ta zarce bakin daɓen da inci 6 ta kowane gefe, ke nan ƙafa 13 da 15 za ka haƙa, ba 12 da 14 ba. In muka ɗauki inci 8, tsakuwar kaɗai ta kai tan bakwai. Ƙasar da za ka fitar kuma ta haura baro sittin, kuma sai ka tanadi inda za ka kai ta, don motar shara ba ta ɗauka. A Kaduna akwai leburori, kai dai kana tsaye da lema kana nuni. A nan kai ne lebura. Ka tara 'yan'uwa uku ko huɗu ranar Asabar, a dafa musu shinkafa da wake, in ba haka ba haƙar kaɗai za ta cinye maka makonni biyu.

Daddaɓawa ita ce inda mutane suka fi cutar kansu, saboda ba ta nunawa a ido. Ka yi hayar injin nan mai faranti da ke girgiza ƙasa. Ka fara bin asalin ƙasar da shi, sannan ka zuba tsakuwa inci biyu zuwa uku, ka ɗan yayyafa ruwa, ka bi sau uku ko huɗu, ka sake zubawa. Wanda ya juye inci takwas gaba ɗaya ya ɗora inji, saman kawai ya danne, na ƙasa yana nan sako-sako yana jiran Afrilu. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in na taka da dunduniyar takalmi na murza ban ga sawu ba, ya yi. Gangaren ma a cikin tsakuwar ake fitar da shi, ba a yashi ba. Ka kafa turaku ka ja igiya, daga jikin gida zuwa waje, kwatan inci a kowace ƙafa, wato inci 3 a tsawon ƙafa 12. Wasu na yin rabin haka, amma ni a ƙasar da ake da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba na wasa da ruwan da ke komawa jikin bango. Ido ba zai ga gangaren ba, kofin shayi ma ba zai zame ba.

Yashin shimfiɗa ya zama mai kaifi, irin na kwaɓa kankare, ba mai laushin nan na wasan yara ba. Ka kwantar da bututun ƙarfe biyu masu kaurin inci ɗaya, ka zuba yashi, ka ja katako madaidaici a kansu. Kada ka taka shi bayan haka, kuma kada ka yi amfani da shi wajen cike inda tsakuwa ta yi kwari. Inda yashi ya yi kauri, nan ne zai fara lotsawa. Bulon kuma ka duba takardarsa ka ga ya cika ƙa'idar ASTM C936, wadda ta ce ƙarfinsa ya kai 8,000 psi (ma'aunin nauyin da kowane inci murabba'i ke iya ɗauka), kuma kada ya sha ruwa fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa. Siraran falankin kankare masu arha da ake jibgewa a ƙofar manyan kantuna yanzu ana karya farashi, ka bar musu kayansu, araha ba ta ado. Ka kewaye bakin da maƙarin roba, ka kafe shi da dogayen ƙusoshi a cikin tsakuwa, ba a cikin ciyawa ba. Shawara ta gefe: in kana da niyyar shimfiɗa darduma a wurin, zaɓi bulo mai santsin fuska, masu kwaikwayon dutsen nan suna cin gwiwa. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ka lura kada murhun ya faɗo daidai gabanta.

Me ya sa na ce 20 ga Oktoba? Domin ba a daddaɓa ƙasar da ta fara daskarewa. A shekaruna na farko a wannan sana'a na karɓi wani aiki a makon farko na Nuwamba, saboda mai gidan ya matsa ni kuma ina son kuɗin. Tsakuwar ta kwana a tsibe a waje, da safe na ga tana ɗan ƙyalli, na ce ai rana za ta narkar. Inji ya bi, ta yi tauri kamar titi, na jera, na karɓi kuɗina. Ashe ƙanƙarar da ke tsakanin ƙwayoyin ce ta riƙe su. A ƙarshen Afrilu matar gidan ta turo min hoto, ruwa kwance a tsakiyar daɓen har tsuntsaye na wanka a ciki. Kwana huɗu na yi ina kwashewa ina sakewa daga aljihuna. Kuma garin nan ba ya sanarwa. Ka tambayi duk wanda ya daɗe a nan labarin 31 ga Oktoban 1991, ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba ba ta tsaya ba sai da ta tara inci 28 da ɗoriya a Miniyapolis da Sent Pol. In tsakiyar Oktoba ta yi ba ka gama haƙa ba, ka tsaya a tsakuwa. Ka daddaɓe ta, ka bar ta ta sha sanyin hunturu, ka jera bulo a Mayu. Babu asara a haka.

Abu ɗaya da yanayin kaka ke ba wa wahala shi ne yashin cike tsakani mai danƙo, wanda ake kira polimerik. Yana hana ciyawa da tururuwa, amma yana da sharuɗɗa: sai bulon ya bushe ƙarau kafin a zuba, sai an share fuskarsa tas kafin a fesa ruwa, sannan yana son kwana ɗaya babu ruwan sama da kamar kwana biyu ba a sauka ƙasa da digiri 32 na Farenhait ba, wato inda ruwa ke daskarewa. Ka karanta bayan buhun, kowane kamfani da nasa. A Oktoba raɓa ba ta bushewa sai wajen sha ɗaya na safe, inda inuwar gida take kuwa wuni take yi. In ka zuba a kan danshi zai bar farin dabbare da sai ka yi da gaske kafin ya fita. In ba ka samu ranakun ba, ka cike da busasshen yashi na yau da kullum, ka bi da inji, ka ƙara, ka bar mai danƙon sai baɗi. Man sheƙi da ake shafawa ma ka manta da shi bana. Sabon bulo yakan fitar da wani farin gishiri kamar kanwa a watannin farko, in ka rufe shi da mai ka kulle farin a ciki ke nan.

Wanda ya ce ka zuba kankare ka huta, da gida yake tunani. A can tsoronmu kada iskar hunturu ta busar da siminti da wuri, shi ya sa ake ta ba shi ruwa. A nan tsoron shi ne ruwan da ke cikinsa ya daskare tun bai yi ƙarfi ba. Da zarar iska ta sauka ƙasa da digiri 40 na Farenhait aikin siminti yana ja da baya sosai, in kuma ya daskare kafin ya kai 500 psi ya nakasa har abada. Kankaren waje a nan ma na musamman ne, ana sa masa sinadarin da ke cusa ƙananan kumfar iska a ciki don ƙanƙara ta samu wurin buɗawa. Ƙwararru na zubawa a sanyi da ruwan ɗumi da bargunan rufewa, amma ba aikin mai koyo ba ne. Kuma in ya tsage ya tsage, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Intalok kuwa ka ɗaga guda goma ka gyara ka mayar.

Murhu. Dokar kashe gobara ta jihar ta ce wutar shaƙatawa kada ta wuce faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 2, kuma ta yi nisan ƙafa 25 daga gini da duk abin da ke kamawa. Ka ɗauki tef ka auna yau, daga gida, daga gareji, daga shingen katako na maƙwabci. Sau da yawa za ka ga murhun ba zai zauna a kan daɓen da ke manne da kicin ba, sai dai a can ƙarshen fili da 'yar hanya zuwa gare shi. Kowane gari kuma da ƙarin nasa. Miniyapolis, alal misali, daga 9 na safe zuwa 10 na dare kawai ta yarda, kuma ban da ranar iska mai ƙarfi ko ranar da aka yi gargaɗin gurɓatar iska. Ka duba na garinku, in kuma unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje ka tambaye su kafin ka sayi komai.

Ginin ba shi da wuya. Tsakuwa daddaɓaɓɓiya a ƙasa, bulo sahu uku, zoben ƙarfe a ciki don kada harshen wuta ya riƙa lasar kankare, da 'yan kafofi a sahun ƙasa don iska. Kada ka hura wuta kai tsaye a kan intalok, zai farfashe. Kada kuma ka kwaso duwatsun bakin tafki masu sulɓi ka jera, ruwan da ke cikinsu in ya tafasa dutsen na iya fashewa ya yi tsalle. Busasshen itace kawai. Ban da ganye, ban da shara, ban da katako mai fenti, musamman koren katakon tsohuwar baranda, wanda kafin 2004 da sinadari mai arsenik ake jiƙa shi. Ba abin da za ka gasa wa iyalinka balangu a kai ba ne. Sai wata al'ada tamu da nake roƙonka ka bari a gida: kwasar garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki ko gareji in sanyi ya yi. Gidajen nan a toshe suke ruf, iskar gawayi ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji, ta kashe shi.

Tsohon na bakin kicin kuwa aikin yini guda ne, kuma da shi ya kamata ka fara don hannunka ya faɗa. Bayan ruwan sama ka zagaye inda ruwa ya kwanta da alli. Ka zaro bulo ɗaya da sukudireba biyu, sauran za su biyo. Ka kwashe yashin, ka ƙara tsakuwa, ka daddaɓe, ka mayar. Amma kafin nan ɗaga kai ka duba sama. Sau tara cikin goma indararon rufi ne ke zuba a wurin. In ba ka ƙara masa bututu ya kai ruwan nesa ba, baɗi ma lotsawa zai yi.

Daga nan sai kulawa. Ganyen itacen ok da na mepul in suka jiƙe suka kwana biyu a kan bulo suna barin shatar ruwan goro, na baƙin walnot ya fi kowanne muni. Shara sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar, tabon da ya riga ya kama kuma yawanci rana da ruwa na goge shi. Ka kwashe ganye daga magudanar rufi, ka cire tiyo ka rufe famfon waje daga ciki, ka shigar da tukwanen fulawa na yumɓu, ka rufe murhu don kada toka ta sha ruwa ta ci ƙarfen. Shebur na roba za ka saya don kwashe dusar ƙanƙara. Gishirin narkar da ƙanƙara kuma, a hunturun farko ka yi haƙuri da shi, ka watsa yashi don santsi. Ko bayan nan, gishiri na yau da kullum ba ya wani aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jihar na yawan tunatarwa cewa ƙaramin cokali ɗaya na ɓata galan biyar na ruwa har abada, kofin shayi guda kuma ya ishi hanyar mota mai ƙafa 20. Duk wanda ka ga an rubuta amoniyam a buhunsa, kada ya taɓa kankare.

In ka yi sauri za ka mori makonni huɗu ko biyar kafin sanyi ya kora ku cikin gida. Su ne mafi daɗi a shekarar nan. Sanyin farko ya kashe sauro, itatuwa sun yi ja da rawaya, hayaƙi na tashi tsaye. Iskar wannan lokaci daga arewa maso yamma ta fi zuwa, don haka ka jera kujeru ta wannan gefen, bayanku ga iska, hayaƙin ya yi gaba. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogo baya, magariba ta dawo wajen ƙarfe biyar, ka tanadi 'yan fitilu a bakin hanyar murhun saboda yara. In ka haƙa ramin gwajin, ka turo min hoton ƙasar a tafin hannunka bayan ka murza ta, in gaya maka inci nawa na tsakuwa za ka yi oda.